Saja Labbo da Ƙanƙarar da Ya Saukar a Gummi

Maganar da ta cika tashar motar Gummi shekara huɗu da suka wuce ita ce wai Saja Labbo yana ɗibar sawun motoci. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce an ɗebi sawun mutum, ba alheri ake nufinsa da shi ba. To, shi wai nasa ya fi na kowa muni, don ba ƙafar mutum ɗaya yake bi ba, tayar babbar mota yake bi, mai ɗauke da rai arba'in. Aka ce yana da ɗaki a bayan shagonsa inda ya jera 'yan motoci ƙanana ya yi musu farin likkafani, kuma bayan La'asar shi da wasu tsofaffin sojoji sukan kewaye su suna zuba wuri. Wadda wurin ya nuna, sai a saurari labarinta a hanyar Anka.

Na tambayi mutum tara daga cikin masu wannan magana, babu ko ɗaya da ya taɓa leƙa ɗakin. Sai na ɗauki mayafina na je da ƙafata. Na rubuta abin da na gani yanzu ne saboda hannun Saja ya fara rawa, kuma a watan jiya ya wanke burusansa ya naɗe su a tsumma, ya ce ya gama.

Ga yadda ranarsa take, ko kuwa in ce yadda ta kasance har watan jiya. In ya dawo daga masallaci da asuba sai ya share ƙofar shago, ya ɗauki gwangwanin madara da tsohon cokali, ya nufi tasha tun 'yan kamasho ba su fara kiran fasinja ba. Zai durƙusa a bayan motar da ta kwana, ya kankare laka daga inda taya ta bi, ya cika gwangwaninsa, ya gaida duk wanda ya gani, ya koma. Wannan rabin maganar gaskiya ne, na gani da idona. Daga hantsi zuwa Azahar yana kan sana'ar da yake ci da iyalinsa, wato rubuta allunan shaguna da zanen jikin motoci. Bayan Azahar ne yake shiga ɗakin baya.

Ran da na je, ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, ke ma kin zaka ganin likkahwani?"

"Na zo ganin maɗinkin," na ce.

Ya yi dariya har da tari, ya ɗage labule.

Tsohon ƙyaure ne aka kwantar a kan duro biyu. A kan ƙyauren akwai ƙasa guda, da duwatsunta da kwarinta, da hanya mai lanƙwasa tana hawa gefen tsauni, da wani ƙauye mai gidaje goma sha ɗaya da hasumiyar masallaci wadda ba ta fi tsinken ashana biyu ba. Komai fari ne, amma ba fari irin na bangon da aka shafa wa farar ƙasa ba. Inda rana za ta buga yana ƙyalli, a inuwar duwatsu ya ɗan yi shuɗi-shuɗi, a bakin hanya kuma ya yi datti ya jiƙe kamar an daɗe ana tattaka shi. Damina ce, gumi na bin bayana, amma wallahi sai da na ja mayafi na rufe kafaɗa.

A kan hanyar akwai fararen motocin soja guda shida, kowace za ta shiga kwalin ashana. Da gwangwani ya ƙera su, tayoyin kuma da robar tsohon silifa. Na ɗauki ɗaya na juya ta a tafin hannuna. Tsatsa ta zubo daga ƙasan ƙofa kamar hawaye. Wurin da soja ke dafawa in zai hau, fentin ya goge har koren da ke ƙasa ya fito. Bakin bututun hayaƙi ya yi baƙi. Laka ta fantsama a bayan taya daidai yadda take fantsama, sama-sama tana raguwa.

"Sabuwam mota ƙarya ta, Malama," in ji shi. "Motad da ba ta sha wuya ba, ba mai yarda da ita."

Ya nuna mini yadda yake yi. Kore yake fara shafawa, irin na soja, ya bar shi ya bushe kwana biyu. Sannan ya bi da fari, tsararo, kafin ya gama bushewa ya sa ɗanyen tsumma ya goge gefuna da matakala. Baƙin gilashin fitila yake kwaɓawa da kananzir, ya ɗiga shi a kan motar ya bar shi ya bi lungu-lungu da kansa. Tsatsa kuwa ta gaske ce, daga tsohon kwanon rufi yake kankaro ta ya niƙa ya haɗa da ƙaro. Yana da wani burushi da ya yi da gashin wutsiyar akuya, ya tsoma shi a fenti ya goge shi a tsumma har ka rantse babu abin da ya rage, sannan ya shafa shi sama-sama, sai kawai ka ga kan kusoshi sun bayyana ɗaya bayan ɗaya. Laka kuma, ya ce ya gwada ta bakin gulbi, ya gwada ta maginan tukwane, duk ba su yi ba. Wadda taya ta murƙushe ta gauraya da baƙin mai ita kaɗai ke da laushin da launin. Ya shanya ta, ya tankaɗe ta da rariya sau uku.

A gidan soja ya koyi aikin. Shekara ashirin da biyu ya yi, mafi yawansu a ɗakin gyara, inda yake gina wa hafsoshi irin wannan ƙasa a kan tebur, su jera 'yan motoci su gwada yaƙi kafin a kai 'ya'yan mutane fili. Shi ne wasan da yake yi da abokansa bayan La'asar, shi da Kofur Manu mai sandar guragu da wasu biyu. Suna auna tafiyar mota da tsinken kara, su jefa wuri shida don su san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Da ɗan ludo suke yi, ya faɗa bayan duro ya ɓace, sai suka ciro wurin da ke jikin tsohon faifan Uwani, matar Saja. Har yau ba ta yafe musu faifan ba.

Amma wannan ƙyauren ba na wasa ba ne. Na wasan yana jingine a bango, ƙasa ce ja irin tamu. Wannan farin babu wanda yake bari ya jefa wuri a kansa, kuma shekara biyar ya yi yana gina shi saboda mace guda.

A shekarar 1979 an tura su aikin kiyaye zaman lafiya a Lubnan, cikin ƙasashen Larabawa. Direban motarsu wani saurayi ne, Hayatu, ɗan makiyaya daga Gwashi. Wata safiya a tsakiyar sanyi dusar ƙanƙara ta rufe hanyar tsauni, motar ta zame, Hayatu ya rasu. Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, suka ba shi wuri a maƙabartarsu. Da Saja ya dawo gida ya ajiye kaki, bai kwana uku ba ya tafi Gwashi ya durƙusa a gaban mahaifiyar yaron, Inna Tabawa, ya gaya mata komai.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta je ta tambayi alhazan garin, duk wanda ya taɓa zuwa Makka. Kowannensu ya ce mata ƙasar Larabawa babu komai sai rana mai narka takalmi, ina aka taɓa jin ruwa ya daskare a kan hanya a can? Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Sai dai sun ga gari biyu sun yanke wa ƙasashe ashirin hukunci, kuma an yarda da su don suna da farar hula. Ta dawo ta ce wa Saja, cikin mutunci, "Ɗiyana, an aiko ka ka hwaɗi, ka hwaɗi. Allah shi yi maka albarka." Ta ƙi zaman makoki, ta ƙi a yi sadaka. Tun daga ranar, duk ranar kasuwa tana mararrabar Gwashi, ta tsayar da kowace mota ta tambaya, "Ba ku ɗauko soja ba?" Babu direban da ke bin hanyar nan da bai san ta ba.

Saja ya gane baki ba zai yi ba, sai ido. Ya ce tun da ba zai iya kai ta can ba, zai kawo mata can ɗin.

Duwatsun ba su ba shi wahala ba, motocin ma haka. Ƙanƙarar ce ta cinye masa shekaru. Ya fara da gishiri, damina ta zo ya narke ya bar ƙauyen cikin kududdufi. Ya gwada garin rogo, tururuwa suka kwashe masa tsauni guda cikin kwana biyu. Auduga ta yi kama da hadari. Garin alli shi kaɗai ya mutu, ba ya ƙyalli. Sai a shekara ta huɗu ya dace: alli, da fasasshiyar farar kwalba da ya daka a turmin ƙarfe har ta zama gari, da ruwan ƙaro, da ɗigon bula irin ta wanki a wuraren inuwa. Yana cikin wannan, labari na zuwa masa cewa yanar ido ta fara rufe wa tsohuwar gani. Ya san in ya wuce daminar shekara ta biyar ba lallai ta ga komai ba. Bai gaya wa kowa a tasha dalilinsa ba, don ya ce an riga an mai da matar abin nuni a hanya, ba zai ƙara mai da ita abin hira a teburin mai shayi ba.

Sati biyu bayan zuwana, motar Yahaya ta kife a wani gangare kusa da Bukkuyum. Yahaya shi ne babba a cikin direbobin tasha. Babu wanda ya rasu, amma mutum biyu sun karye, albasa ta cika hanya. Aka samu wanda ya ce ya ga Saja a bayan motar da gwangwaninsa kwana biyu kafin nan.

Da hantsi suka zo, sun kai su ashirin, Yahaya na gaba da hannu a ɗaure, wani na biye da galan ɗin fetur.

"Hiddo su waje, Saja. Yau za mu ƙone tsiyag ga kowa shi huta."

Kofur Manu yana zaune a benci, ya nuna shi da sanda. "Kai Yahaya, ji tsoron Allah. Tayakka da tay yi sanƙo kamak kan kakanka, ita ma Saja ya aske ta?"

"Ba da kai nike ba, ƙahwa-ɗaya!"

"Ƙahwa ɗaya gare ni, amma ban taɓa kihewa da albasa ba."

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara turo ƙofa. Saja ya tsaya a bakin labulen, burushi a hannu, bai ɗaga murya ba.

"Kuna iya ƙone shi. Amma ba yau ba. Jibi, Yahaya, ka tai mararrabar Gwashi ka ɗauko mani tsohuwag ga mai tambayas soja. In ta gani ta tashi, ni da hannuna zan ba ka ashana."

"Mi ya haɗa ka da ita? Ko ita ma ka ɗebi sawunta?"

"Ka dai ɗauko ta."

Kwana biyun nan bai rubuta allon kowa ba. Abu ɗaya ya rage masa, sawun tayar mota ta shida. Ya sassaƙa ɗan hatimi da robar silifa mai zanen taya, ya zuba sabon gari a kan lanƙwasar hanya, ya danna sawun taki-taki kafin ƙaron ya kama. Uwani ta ce sau huɗu yana kankarewa yana sakewa.

Ranar da aka sa, Yahaya ya ari a-kori-kura ya kawo ta. Ɗakin ya yi wa idonta duhu, sai aka sa mutum huɗu suka ɗauko ƙyauren suka ajiye a inuwar dogon-yaron bakin tasha. Ina nan a tsaye. Rana ta ratso ganye ta sauka a kan tsaunin, garin kwalbar nan ya kama walƙiya, kuma tashar Gummi, wadda ban taɓa jin ta yi shiru ba ko ranar Sallah, ta yi tsit. Mai galan ɗin fetur ya ajiye shi a ƙasa bai sani ba.

Inna Tabawa ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa dutse.

"Gishiri na?"

"A'a Inna. Ruwa na, sanyi ya daskarad da shi tun sama, shi sauko kamad dussa."

"Alhazzai sun ce babu."

"Alhazzai Makka sunka tsaya, Inna. Mu mun wuce gaba, wajen duwatsu."

Ya miƙa mata gilashin da yake aiki da shi mai ƙara girman abu, ya kai yatsanta kan mota ta shida, wadda ta jingina da dutse, gefen direba a lotse. A jikin madubin motar akwai wata igiya da ba ta fi gashin ido kauri ba. Saja ya tuƙa ta da gashin wutsiyar saniya uku, ya ƙulla ta. Hayatu ne ya koya masa ƙullin, irin wanda uwarsa ke ɗaure ƙafar saniya da shi lokacin tatsa, kuma ainihin igiyar da ta ba shi tana rataye a madubinsa har ranar ƙarshe.

Ta daɗe a kan ƙullin. Sannan ta mai da yatsa baya ta fara bin sawun, kamar yadda ta yi shekara sittin tana bin sawun shanu.

"Nan tana tahiya daidai," ta ce a hankali. "Nan ta zame. Kamas saniya bakin gulbi."

Yahaya ya matso don ya ga abin da za a ƙone. Ya tsaya a kan kafaɗarta. Direba ne, shekara goma sha takwas a hanya, kuma idonsa ya karanta abin da ke gabansa kafin ya yi shawara da zuciyarsa.

"Ya taka burki nan," ya ce. "Bai ci ba. Ya saki." Ya nuna da hannunsa mai lafiya. "Ga rami nan dama. Can motat ta nuhwa. Ya murɗe sitiyari hagu, ya ba dutse gehenshi." Ya ɗago ya dubi Saja. "Mutum nawa a baya?"

"Takwas. Har da ni."

"Sun hita?"

"Duka."

Yahaya ya cire hularsa ya durƙusa a gaban tsohuwar, a cikin lakar tasha. "Inna, wanga direba na. Da gangan yay yi. Ni na san ban iyawa."

Ta tambayi inda ɗanta yake kwance. Saja ya nuna mata ɗan tudu a bayan masallacin, ƙarƙashin wata bishiya da ya yi da saiwar ciyawa. Ta ɗora yatsa a kai.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni, Inna. Na ɗumama ruwan."

"An yi mashi salla?"

"Sahu huɗu. Da mu da mutanen gari."

Ta miƙe, ta gyara zanenta. Saja ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin ashana ya miƙa wa Yahaya, kamar yadda ya yi alkawari. Yahaya ya dubi kwalin bai karɓa ba. Ya ɗauki galan ɗin ya juye fetur a tankin a-kori-kura.

"Mai da ni gida, ɗiyana," in ji Inna Tabawa. "In hwaɗa ma mutane su zaka gaisuwa."

Saja Labbo, na Uwani, mai burushin gashin akuya. Kai ne ka durƙusa a cikin laka kowace safiya ana nuna ka da baki, ba ka taɓa buɗe sirrin wata tsohuwa don ka wanke kanka ba. Kai ne ka ƙi yarda da "ya isa haka" a kan abin da bai fi ƙwayar gero ba, ka san wata rana idon da ke dushewa zai nemi gaskiya a cikinsa. Na ga masu ilimi da yawa a rayuwata, na ga masu iya magana fiye da su yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya sa mutum ashirin suka ajiye fetur da sawun taya mai faɗin tsinke ba. Na gode, Saja. Mutanen Gwashi sun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya saka maka da abin da ba mu da shi.

Masu sana'a kuma, maɗinki ne ko magini ko mai gyaran keke, ku je ku ga ƙyauren, yana nan a ɗakin baya, Uwani na buɗe wa duk wanda ya yi sallama. Ku duba ƙarƙashin motocin, inda babu mai dubawa. Can ma ya shafa tsatsa.

Saja Labbo ya ɗebi ƙasar sawun motoci a tashar Gummi shekara tara. Yana tankaɗe ta, ya kwaɓa da ƙaro, ya shafa a tayoyin gwangwani. Motar Yahaya ta kife ne saboda tayar gaba ta fashe a gangare. An yi sadakar Hayatu a Gwashi ranar Juma'ar da ta biyo baya, shekara biyar da wata bakwai bayan rasuwarsa, direbobi goma sha ɗaya suka je. Idon Inna Tabawa ya rufe gaba ɗaya kafin kaka.